Disambar Elisha

Ranar Lahadin farko ta kowane wata, da an yi addu'ar rufe sujada, sai magatakardan coci ya miƙe ya ce masu cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da Yesu, su zauna, sauran jama'a kuwa Allah ya kai su gida lafiya. Nan take yara su ɓarke da gudu, samari da 'yan matan da ba a yi wa baftisma ba su bi bayansu. A cikin wannan ayari Rifkatu take fita, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, ga furfura a goshi, ga jika a duniya. Takan rungumi jakarta ta sunkuyar da kai, ta ratsa ta gaban matan da a kan idonta aka haifi wasunsu, ta je gindin darbejiya ta tsaya tana jin waƙar jibi ta taga. In ka ga fuskarta a lokacin ba za ka iya yi mata sannu ba.

To me ta yi? Ba ta yi sata ba, ba ta bi maza ba, ba a taɓa jin bakinta a gulma ba. Laifinta ɗaya ne: ita da mijinta Elisha auren gargajiya suka yi a ƙauyensu, can wajen Zonkwa. An biya sadaki, an kai akuya, iyaye sun sa albarka, amma ba su tsaya gaban bagade fasto ya ɗaura ba. A cocinsu kuwa, wannan ɗan cocin da ke bayan Unguwa Uku, dokar a fili take, wanda bai ɗaura aure a coci ba ba ya cin jibi. Zai yi baiko, wato sadakar coci, zai share harabar, zai dafa abinci in an yi baƙi, amma ranar gurasa da ƙoƙo sai ya ba da wuri.

Shi gogan naka ko a jikinsa. Tare suke fitowa, ita ta nufi gindin bishiya, shi ya nufi bakin ƙofa wajen maza, a dasa gardamar ƙwallo da tsadar taki kamar ba a gidan Allah ake ba.

Asalin abin ma takaici ne. Ranar da aka kai sadaki, wani kawun Rifkatu mai kaifin baki ya dubi Elisha a gaban jama'a ya ce wannan yaron ai ba zai iya auren coci ba, wanda bai ciyar da kansa ba ina zai ciyar da dangi biyu. Aka yi dariya, aka wuce. Elisha bai wuce ba. Ya rantse sai ya yi bikin da za a daɗe ana labari: a ƙauye, a watan Disamba lokacin da kowa ya dawo gida, da sa, da anko, da makaɗa, da farar riga mai jan ƙasa. Bai jima ba ya sami aikin gwamnati a Kano, suka kama haya a Gyadi-Gyadi, ya ce Disamba mai zuwa. Disambar ta zo ta tarar da cikin 'yarsu Comfort. Wadda ta biyo baya aka yi rufin ɗakin ƙauye. Daga nan ma Rifkatu ta daina riƙe dalilan, don kowace shekara da nata, kuma kowanne in ka ji shi sai ka ce ai da gaskiyarsa. Kawun ya mutu, ƙasusuwansa ma sun ruɓe, Elisha yana nan yana shirin ba shi amsa. Comfort ta girma, ta yi nata auren a coci, uwarta na zaune tana kallo, ta tare da mijinta a Darmanawa. Elisha ya yi ritaya. Har yanzu sai Disamba.

Kada kuma a ce mugu ne, don da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Mutum ne da ba ya sha, ba ya duka, ba ya kwana a waje. In sanyi ya shigo shi ke ɗora mata ruwan wanka. Yana guga yana rera waƙoƙin sujada da wata murya kamar ta tsohon rediyo, ita kuma tana kicin tana dariya a ɓoye. Tana sonsa, Allah ya sani, shi ya sa abin yake ci mata rai. Da maƙiyi ne ya tsare mata hanya da ta san yadda za ta yi da shi.

Ana nan sai ciwon mara ya matsa mata. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta sha na kemis, a ƙarshe Comfort ta ja ta asibiti. Likita ya duba hoto ya ce ƙari ne a mahaifa, sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci. Ya ce yawanci ana tashi lafiya. Wannan kalma ta yawanci ita ta bi Rifkatu har cikin adaidaita, har ƙofar gida.

Ta tarar da Elisha a tsakar gida da la'asar yana gyaran wata tsohuwar fanka. Ta zauna ta faɗa masa duk abin da likita ya ce, sannan ta faɗi abin da take so: su je wurin fasto a ɗaura auren nan kafin ranar aiki, ko da kayan jikinsu ne. Hankalinsa ya tashi da jin maganar aiki, har ya ajiye abin da ke hannunsa ya kama nata. Amma da aka zo batun aure sai bakin nan nasa ya koma inda ya saba.

"Maman Comfort, ki bari a yi aikin ki warke tukuna. Wa ya taɓa ganin amarya tana dafe da mara? Disamba ai ta kusa."

Ta zare hannunta. Abin da ta haɗiye shekara da shekaru ya taso mata.

"Baban Comfort, wa ya ba ka Disamba? A aljihunka take? Za a kwantar da ni a sa mini wuƙa, ban san ko zan tashi ba. Ba biki nake roƙonka ba, ba na son sa, ba na son riga. Gurasar nan nake so in ci sau ɗaya kafin a shiga da ni ɗakin nan."

Ya ce ta daina yi wa kanta mugun fata, Allah ba zai kunyata su ba. Ta ce Allah bai taɓa kunyata ta ba, shi ne yake kunyata ta duk farkon wata a gaban yara. Ya yi shiru ya koma kan fankarsa, wai shi a dole mai haƙuri, ya bar mace ta huce. Wannan shirun ya fi zagi ƙona mata rai.

Washegari ta tafi wurin Fasto Yakubu ita kaɗai. Ta girme shi nesa ba kusa ba, amma Baba Fasto take ce masa, shi kuma ya ce mata Mama. Ta zazzage masa komai, har da abin da bai tambaya ba. Ta ce ita dai a ba ta jibi, in ya so shi Elisha ya ci gaba da zamansa a bakin ƙofa. Fasto ya ce dokar ba tasa ba ce, ba kuma zai iya karya ta shi kaɗai ba, amma abin ai ba wani dogo ba ne. Su zo su biyu, a yi sanarwa a sujada, a sami shaidu, a ɗaura a ofishinsa ma in suna so, ko zobe ba dole ba ne. Rifkatu ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ashe abin da bai kai dahuwar shinkafa ba shi ta yi rabin rayuwarta tana jira.

Fasto ya taka har Gyadi-Gyadi ya sami Elisha. Aka kawo masa ruwa, aka yi addu'a, ya yi nasiha mai ratsa jiki a kan cewa ran mutum kamar raɓa yake, rana na fitowa babu shi, kuma abin da Allah ya sa a hannunka yau ba a ajiye shi. Elisha ya yi ta gyaɗa kai yana amin, amin. Ya ce ya ji, ya kuma yarda, babu sa babu makaɗa. Abu ɗaya kawai yake roƙo: yayansa na ƙauye, wanda shi ne uba a gare shi yanzu, ba zai yiwu a ɗaura masa aure ba ya wurin ba. Yayan kuwa ba ya iya barin gona sai an haƙe citta. Yaushe ake haƙar citta? Kowa a ɗakin ya sani. Kai, mutumin nan ko ta wace hanya ka bi da shi sai ya fito da kai Disamba.

Rifkatu na zaune tana jin komai. Fasto na fita ta shiga ɗaki ta jawo bakko ta fara zuba kaya. Tunaninta a miƙe yake: tunda zama da Elisha ne ya hana ta teburin Ubangiji, to ta bar zaman. Maƙwabciyarta Hajara ta leƙo ta gan ta tana ɗora bakko a adaidaita, ta riƙe haɓa ta ce yau ga ikon Allah, yaji da furfura? Rifkatu ta ce ai gara yaji da furfura da amarci a likkafani. Hajara ta haɗiye dariyarta ta taya ta ɗaga kayan.

Ta sauka gidan Comfort a Darmanawa. Labari ya zaga coci kafin Lahadi, masu cewa ta kyauta da masu cewa tsufa ne ya fara taɓa ta. Matan zumunta na coci suka zo ba ta haƙuri, ta ce su ajiye haƙurinsu, nata ma da ta tara bai tsinana mata komai ba. A gaban mutane tana zafi kamar garwashi. In ta kaɗaita kuma sai ta kama kanta tana tunanin ko mutumin nan ya ci abinci, sai haushin kanta ya ƙaru a kan nasa.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da yamma, da ledar lemo da ayaba a hannu. Ya rame, gemu ya tsiro, rigar duk ta yamutse, shi da ba ya fita sai da karin guga. Ya zauna a bakin kujera kamar baƙo. Ya ce gidan ya yi masa faɗi. Ya ce ya yi tunani, ya ga bai kyauta ba, a bar zancen yayansa, a bar zancen citta, a ɗaura kawai. Kuma a wannan karon da gaske yake, ta gani a idonsa. Ta miƙe ta jawo mayafi ta ce to bismillah, ga adaidaita nan a bakin layi, Fasto yana gida, su je yanzu ya sa su a sanarwar Lahadi.

Ya dubi rigarsa, ya shafa gemunsa. Ya ce haba, a haka? Mutum zai je neman aure kamar wanda aka koro daga tasha? Kuma gobe da sassafe akwai tantance 'yan fansho, in bai je ba a cire sunansa. Ta bari ya gama da wannan, ya yi aski, ranar Asabar su je a mutunce.

Ta ajiye mayafin. Daga Disamba an dawo Asabar, shi a ganinsa ya yi babban ƙoƙari.

"Tashi ka tafi," ta ce. "Kada ka sake tako gidan nan sai da Fasto a gabanka."

Ta juya masa baya. Ta ji ya daɗe a tsaye, ta ji ya kira ta sau ɗaya a hankali, ba ta waiga ba. Ya ajiye ledar a bakin ƙofa ya fita. Comfort ce ta raka shi bakin titi.

Bai kai Asabar ba. Washegari da hantsi yana tsaye a layin tantancewa, yana hira da wani tsohon abokin aikinsa Auwalu, sai ya dafe kai ya ce jiri yake ji, ya sulale. Auwalu ne ya kira wayar Comfort. Kafin su isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce hawan jini ne, ya daɗe da shi bai sani ba. Mutumin da ko zazzaɓi bai cika yi ba, shi da ake shirin ya yi jinyar matarsa.

Rifkatu ba ta yi kuka a asibiti ba. Ta tsaya a kansa tana kallon gemun nan da bai samu ya aske ba, jikinta yana rawa. Mutane suka ce tsananin kaɗuwa ce. Ba su san fushi ne ba.

Aka kai shi gida ƙauye, kamar yadda ake yi. Sai ga abin mamaki, ko kuwa abin haushi. Yayan da ba ya iya barin gona ya bar cittar a ƙasa ya zo har Kano ya raka gawa. Dangin da sai Disamba suke haɗuwa suka cika ƙauye kafin mako ya zagayo, daga Legas, daga Abuja, daga Jos. Aka fitar da anko, teloli suka ɗinka shi a gaggauce. Aka kayar da sa. Makaɗa suka zo, matan zumunta suka yi ta rawa da tulunansu har ƙura ta tashi. Babu wanda ya ce a bari sai an shirya. Rifkatu tana zaune a kan tabarma cikin baƙaƙen kaya tana kallon bikin da aka hana ta jibi saboda shi, an yi shi tsaf, ba a rage komai ba. Masu gaisuwa suna cewa Elisha ya yi jama'a, an yi masa sutura ta mutunci. Tana amsawa da kai, don in ta buɗe baki ba ta san abin da zai fito ba.

Da suka dawo Kano aka sa mata sabuwar ranar aiki. Ana gobe za a shiga da ita, tana kwance a ɗakin mata da rana tsaka, Comfort tana yi mata fifita, sai ga Fasto Yakubu da wata 'yar jaka a hannu. Ya gaishe ta, ya yi mata ya jiki da ya haƙuri. Sannan ya yi ta juya maganar a baki kafin ya fito da ita. Ya ce dattawa sun zauna a kan batunta. Tunda yanzu ita gwauruwa ce, babu sauran abin da ya tsare ta. Ya zo mata da jibi.

Ta yunƙura ta zauna. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Wato sai da ya mutu na tsarkaka, Baba Fasto? Jiya ina da miji, ban isa ba. Yau ba ni da kowa, na isa."

Fasto bai kare kansa ba, bai kuma kare dattawa ba. Ya ce ba shi da amsar da za ta sanyaya mata rai, shi ma abin ya tsaya masa. Ya ce teburin dai na Yesu ne, ba na dattawa ba, kuma ga shi ya zo. Ya buɗe jakar ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan 'yar lokar gefen gado, ya fito da gurasa da ƙaramin ƙoƙo. Matar gado na kusa ta juya musu baya don ta ba su wuri.

Ya yi addu'a, ya gutsura ya sa mata a tafin hannu. Ɗan mitsitsi ne, bai kai kan ɗan yatsa ba. Kafin ta kai baki sai ya faɗi abin da ake faɗa wa kowa, cewa mutum ya binciki zuciyarsa, in yana riƙe da wani ya yafe tukuna. Hannunta ya tsaya a iska.

Ta ce tana riƙe da wani. Ta ce tana riƙe da Elisha, riƙo kuwa ba na wasa ba. Ya cinye mata shekaru saboda maganar mutumin da ya riga ya zama ƙasa, ya cuce ta, ya cuci kansa, ya tafi bai taɓa ɗanɗana wannan gurasa ba. Kuma tana riƙe da kanta, don kiran ƙarshe da ya yi mata ƙeya ta ba shi. Sai yanzu kukan ya zo, mai zafi, mai shiƙewa, Comfort ta riƙe ta ita ma tana yi.

Fasto ya jira har ta lafa. Cikin tausayi ya ce ba komai, Allah ya san zafin da take ciki, ba a tilasta wa zuciya. Ta bari a yi aikin, in ta huce ya dawo mata da shi, ko nan da mako ne. Ya miƙo ƙyallen don ta mayar da gurasar.

Ta dunƙule hannunta ta janye shi zuwa ƙirji.

"Kai ma, Baba Fasto? Gobe da safe za a shiga da ni. Wane mako?"

Ta share fuska da bakin zani. Ranta a ɓace yake, ba ta kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ta ɗaga murya yadda takan yi in tana kicin shi yana tsakar gida.

"Baban Comfort, ban huce ba, ka ji. Ban san ranar da zan huce ba, kuma ba ni da lokacin jira. Na yafe maka. Ni ma ka yafe mini."

Ta sa gurasar a baki ta tauna, ta miƙa hannu ta karɓi ƙoƙon.